Tsuntsun Bogi a Gona: Yadda Ake Kiran Hasbiya da Hankaka

Maharban ƙasar Hausa da na Nupe sun daɗe da gane cewa naman daji ba ya gudun abin da ya saba gani. Shi ya sa suke sassaƙa kan burtu da itace, su rufe shi da fata, su ɗaura a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su shiga rarrafe suna sunkuyar da kai suna ɗagowa yadda burtu yake yi in yana kiwo. Barewa ta ɗaga kai ta ga tsuntsun da kullum suke tare a saura, ta mai da baki ga ciyawa, har kibiya ta iso. Dabarar da za mu tattauna yau ƙanwar waccan ce, sai dai ta fi ta hutu. Maharbi ba ya bin tsuntsu. Zama yake yi wuri ɗaya, ya jera tsuntsayen bogi a fili, na gaske su hango su daga sama su sauko da kansu.

Wanda yake noma a Kwali, Kuje, Abaji, Gwagwalada ko Bwari ya san dalilin wannan magana. Ana shuka masara da gyaɗa da ruwan Afrilu ko Mayu, hankaka ya bi layi yana tono. Kaka ta zo, an yanke riɗi an jingina, an kwantar da dawa, an baza shinkafa a masussuka, sai hasbiya da kurciya su mai da wurin gidan biki. Mutum-mutumi yakan yi aiki kwana kaɗan, daga nan ka ga tsuntsu a kafaɗarsa yana gyaran fiffike. Yaran da a da suke wuni suna kaɗa gwangwani yanzu suna makaranta, can kuma ya kamata su kasance.

Amma a Abuja maganar ba daga tsuntsu take farawa ba, daga takarda take farawa. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959, ta raba makamai gida uku. Akwai waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma bindigar nan da ake zuge ta a harba a jere tana cikinsu, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarta ta farauta ce. Akwai na amfanin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu da bindigar iska, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na gida na uku, bindigar toka da danginta, su ma 'yan sanda ne ke da ta cewa a kansu. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai, don haka kada wani dillali ya karɓi kuɗinka da sunan zai fito maka da takarda ta bayan gida. Ka je ofishin 'yan sandan yankinku da ƙafarka ka tambaya. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 10, kuma buhun riɗi nawa ne zai fanshi wannan?

Ko da takardarka cikakkiya ce, ka tuna inda kake. Mutanen Kuje ba su manta da daren 5 ga Yulin 2022 ba, da aka fasa gidan yari. Mutanen Bwari ba su manta da satar mutanen farkon 2024 ba. Ƙarar bindiga da asuba a bayan gari yanzu ba ta nufin wani ya samu na miya, tana nufin a kwashi yara a ruga. Don haka tun jajibiri ka gaya wa mai unguwa ko dagaci, ka gaya wa shugaban 'yan banga, ka gaya wa masu gonakin da ke maƙwabtaka da taka da kuma rugar da ke kusa: gobe daga hantsi zuwa kaza za a ji harbi a gonar wane. In gonar ba taka ba ce, izinin mai ita wajibi ne. A hanya kuwa bindiga ta kasance ba harsashi, a naɗe cikin jaka, takarda a aljihu. Abin da ya faru da mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ya isa ya nuna yadda ganin bindigar toka kaɗai yake iya tunzura jama'a. Gonakin da ake yi a kangon filaye cikin gari, irin na Lugbe, Lokogoma ko gefen Gwarinpa, da duk abin da ya kusanci filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ko barikin soja ko babbar hanya, ba wurin harbi ba ne ko kaɗan. Mai irin wannan gona ya tsallaka zuwa inda na yi maganar raga.

To, mu koma ga tsuntsu. Abin da ya fi komai muhimmanci, wanda masu ɗokin sayen kaya suke tsallakewa, shi ne tsuntsun bogi ba ya kawo hasbiya inda ba ta yi niyyar zuwa ba. Iyakar aikinsa ya karkato da ita daga hanyar da take bi, ya nuna mata inda za ta dira. Direban da ke bin hanyar Kaduna in yunwa ta kama shi a Tafa, inda ya ga motoci sun yi layi nan yake tsayawa, amma layin motoci ba zai ɗauko shi daga hanyar Lokoja ba. Saboda haka aikin farko ba na bindiga ba ne. Ka sami safiya biyu ko uku da yammaci ɗaya ka zauna nesa da gonar, hannu rabbana, kana kallo. Daga ina suke fitowa? Hasbiya tana kwana a kan giginya, a kogon duwatsu, a ƙarƙashin gada da rufin dogayen gine-gine, Abuja kuwa ba ta rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Za ka lura tana da hanya a sama wadda ba ta cika saɓawa ba, ta bi gefen rafi ko layin turakun lantarki ko ta ratsa tsakanin wasu itatuwa biyu. Za ka lura akwai itacen da take fara sauka a kai ta duba gari kafin ta faɗo ƙasa. Za ka kuma ga ba gonar duka take ci ba, akwai kusurwar da ta fi so. Inda hanyar nan ta haɗu da kusurwar nan, nan ne wurin zamanka. In ka kauce da taki ɗari, za ka wuni kana kallon su suna wucewa.

A Ingila, inda wannan harka ta zama sana'a, wani tsohon soja mai suna Archie Coats shi ne ya fi yin suna a kanta, har ya fitar da littafi a 1963, kuma abin da ya fi nanatawa shi ne wannan leƙen asirin. Misalin da ya fi kusa da namu shi ne Afirka ta Kudu, inda ake harbin wannan hasbiyar tamu mai jan ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike a gonakin furen rana, da tsuntsayen bogi. Don haka ba wai ana gwada dabarar wani tsuntsu ba ne a kan namu.

Ba sai ka yi odar na roba daga waje ba. Da guda 12 zuwa 15 za ka fara. Mafi sauƙi shi ne rabin duma ko rabin gorar roba mai tsawon kamar taƙi biyu, a kife, a yi mata ɗan kai da tukurwa ko soso, a yanko wutsiya daga kwali ko tsohon bokiti. Kafinta a Dei-Dei ko Kugbo zai fitar maka da su daga guntayen katako cikin yini guda. Masu ginin tukwane na Ushafa da Kwali, garin Ladi Kwali da hotonta ke bayan naira 20, za su iya yi da yumɓu, sai dai nauyi da saurin fashewa. Launi shi ne abin lura: kai da ƙirji da gindin baya toka-toka, gadon baya da fiffike ja-ja mai duhu da ɗigon fari. Kada fentin ya yi sheƙi. Ƙyalli shi ne babban mai tona asiri, domin gashin tsuntsu ba ya walƙiya a rana irin ta fenti. In fentin mai ne kaɗai ka samu, ka yayyafa masa toka ko lallausan yashi tun yana ɗanye. Kowane ɗaya ka ɗora shi a kan tsinken waya mai ɗan lanƙwasuwa, irin ta ƙafar keke, yadda iska za ta riƙa kaɗa shi yana ɗan sunkuyawa. Garken da yake ƙiƙam ba motsi bai cika yaudarar tsohuwar hasbiya ba.

Na san wani zai ce, ina hukuncin sassaƙa mai rai? Tambaya ce mai kyau. Abin da ya shahara a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne, haramcin yana kan siffa mai inuwa wadda ta cika da dukkan gaɓoɓinta. Wadda aka tauye, aka cire mata abin da rai ba zai zauna ba sai da shi, hukuncinta ya sauka daga haramci. Rabin duman da ba ciki ba ƙafa a nan ya faɗo, kuma abin daɗin shi ne ya fi cikakken aiki, don daga sama tsuntsu yake kallo, baya kawai yake gani. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tuntuɓi malaminsa, ko ya yi amfani da abin da ya fi duk wani sassaƙe: tsuntsun da ya riga ya harba. Ka yanka shi, ka gyara masa fiffike, ka kafa ɗan tsinke mai baki biyu a ƙarƙashin haɓarsa ya tsaya kamar yana tsince. Duk wanda ya faɗo ka ƙara shi a jeri, ka janye na duma ɗaya. Zafin Abuja dai ba ya raga wa nama, kada ka bar shi a rana fiye da ɗan lokaci.

Jerin kansa yana bin iska. Tsuntsu yana sauka ne yana fuskantar iska, yana kuma kiwo yana fuskantar ta, don kada ta tayar masa da gashi. Saboda haka kawunan tsuntsayenka su kalli inda iska take fitowa, amma ba duka sak ba, wani ya ɗan karkata dama wani hagu. Ka jera su su yi siffar baka, bakin a buɗe ta ɓangaren da iska take tafiya, domin ta nan baƙi za su shigo. Tsakiya ka bar fili wanda ba komai, faɗinsa kamar taki 8 zuwa 10. Wannan filin shi ne masaukin da ka tanadar musu, ya kasance taki 20 zuwa 25 daga maɓoyarka. Tsakanin kowane tsuntsu da ɗan'uwansa a bar taki ɗaya ko biyu, don garken da ya cure wuri ɗaya alamar tsoro ce. Na ƙarshe a kowane reshe kada ya wuce taki 35, shi ne iyakarka, abin da ya wuce nan ba naka ba ne. Harbin nesa raunata tsuntsu yake yi ya je ya mutu a daji, ba kai ba riba sai alhaki.

A nan yanayin ƙasarmu ya yi mana gata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. In ka zauna a wannan gefen da safe, iska tana bayanka, rana ma tana bayanka, tsuntsun da ke shigowa shi rana take kashe wa ido. Da damina iska takan juyo daga kudu maso yamma, sai zaman yamma ya fi, daga la'asar zuwa kafin magariba. In da hali ka bar iskar ta riƙa dukan kafaɗarka ɗaya, ba tsakiyar bayanka ba, yadda tsuntsu zai gifta ta gabanka ba tare da ya zuba maka ido ba. Ranar da ba iska ko kaɗan, daga ko'ina za su faɗo, harbin yakan yi wuya. In dawar tana tsaye ba a yanke ba, ba za a ga tsuntsayenka ba sam. Ka nemi inda iska ta kwantar da ita, ko masussuka, ko gefen da aka riga aka girbe.

Maɓoya ba ta son ƙawa. Karan dawa, zana, ganyen da ke wurin, a jingina jikin wani kurmi ko gindin itace, tsayinta ya kai ka zauna a kan kujera 'yar tsugunne ba a ga hularka ba. Bayanta ya fi gabanta muhimmanci: in haske yana ratsowa ta bayanka, duk motsin da ka yi a fili yake. In ka gina ta kwana biyu kafin ranar, su saba da ganinta, ya fi. Farar riga da agogo mai ƙyalli a bar su gida. Kuma kafin ka zauna ka bubbuga tarin karan da sanda, domin kububuwa da kunama su ma inuwa suke nema.

In tsuntsu ya taho, kada ka ɗaga kai. Ka bi shi da ido ta ƙofar kara, ka bari sai ya ware fiffike ya sauke ƙafa zai dira, sannan ka miƙe a natse, ka yi bisimilla, ka harba. Wanda yake giftawa kuwa gabansa ake harbi, ba jikinsa ba, kuma hannu ba ya tsayawa lokacin da aka ja kunama. Yawancin kuskure a baya yake faɗawa. In ka ga suna tahowa sai su yi wani irin juyi su bar wurin tun daga nesa, wani abu ne ba daidai ba. Ka fita ka tsaya inda suke juyawa ka kalli wurinka da idonsu: ko wani tsuntsu ya kife ciki sama, ko gashi ya watsu a fili, ko kwanson harsashi yana walƙiya, ko babur ɗinka ne ka ajiye kusa.

Yanzu ga abin da ba na so a karanta da gaggawa. Ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashin tsuntsu suna iya tafiya fiye da mita 200. Gonakinmu ba irin na Turai ba ne da za ka ga fili fetal ba kowa. Akwai mata masu kala da masu itace, akwai yaro da tumaki, akwai Bafulatani a burtali, akwai manomi a sunkuye cikin kunya wanda ba za ka gan shi ba sai ya miƙe. Tun kafin ka ɗura bindiga ka kafa sanda ɗaya dama ɗaya hagu, ka ce tsakanin nan kawai zan harba, kuma bayan wurin ya kasance fili ne da idonka yake gani har mita 300, ba gida, ba hanya, ba rafin da ake ɗiban ruwa. Kada ka taɓa harbi ƙasa-ƙasa cikin dawa ko masarar da ke tsaye. Mutum biyu a maɓoya ɗaya, bindiga ɗaya ce take aiki. Mai bindigar toka yana da ƙarin nauyi: ya auna albarushi da ma'auni, kada ya ƙara don zafin rai, kada ya ɗura ƙusa ko guntun ƙarfe, ya duba bakin ko ƙasa ta toshe shi, domin yatsun maharba da yawa a nan suka tafi. Tsumman da ake dannawa kuma yakan fita da wuta. Cikin Disamba, a gonar da dami yake jibge, wannan kaɗai ya isa gobara.

Wani abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba shi ne tantabara. Tsuntsun bogi ba ya tambayar mai zuwa ko ɗan daji ne ko ɗan gida, kuma kusan kowane ƙauye a yankin nan akwai mai kiwon tantabaru. Ita ma za ta sauko, har ta fi hasbiya saurin yarda. Dukiyar wani ce, in ka harbe ta sai ka biya, ban da ɓacin zumunci. In garken ya zo da farare da baƙaƙe da masu roɗi-roɗi, sauke bindiga. Hasbiya kala ɗaya ce duk inda take. Haka nan ka kau da kai daga balbela da shamuwa da burtu da shirwa da sauran masu cin fara da ɓera, ma'aikatanka ne da ba ka biya. Ungulu kuwa ta kusa ƙarewa a ƙasar nan, dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ba wasa ba ce.

Hankaka, mai da ɗan wani naka, shi lissafinsa daban ne. Hasbiya ciki ne yake jan ta, shi kuwa son sani da son faɗa. Ba a yi masa jerin baka. Guda 5 ko 6 sun isa, baƙaƙe wuluk marasa sheƙi da farin ƙirji da farin wuya, a warwatse kewaye da wani abin ci da zai gani daga sama: fasassun ƙwai, tsohuwar fatar akuya, ko goyon masara da aka ɓare. Sai ka ɗora ɗaya ko biyu a can saman itace ko kan dogon gora, domin hankaki ba sa kiwo ba mai gadi, in bai ga mai gadi ba zai yi shakka. Maɓoyarka ta sami rufi, saboda shi sai ya yi shawagi a sama ya leƙa ciki kafin ya sauko. Ka shiga tun da duhu, kada ya ga shigarka. A Turai da Amurka har mujiyar roba suke kafawa, don hankaki ba sa ganin mujiya da rana su ƙyale, taruwa suke yi a kanta suna ihu. Dabarar tana ci, amma ni ba zan ba mutum shawarar ya kafa mujiya a gona a ƙauyen da yake son a ci gaba da gaisawa da shi ba.

Kada ka sa ran hankaka zai ba ka rana biyu. A Jami'ar Washington da ke Siyatil, John Marzluff da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a 2006: suka sa wata fuskar roba suka kama hankaki suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya sa wannan fuskar sai hankakin wurin su bi shi da tsawa, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Na can wani jinsi ne, amma duk manomin da ya taɓa ɗaga sanda ya ga namu ya tashi, ya ɗaga fartanya ya ga ko gezau, ya san gidansu ɗaya. Wannan wayon nasa shi ne amfaninka. Ba ka bukatar kashe ashirin. Ɗaya ko biyu a makon shuka sun isa, sauran za su ɗauki darasi. Ka rataye wanda ka harba a kan sanda, kai ƙasa, fiffike a sake, yadda kakanni suke yi, kana sauya masa wuri duk bayan kwana biyu. Na bogin ma haka: a tsaye kira yake yi, a rataye kife kora yake yi. Hadisi ya lissafa hankaka cikin dabbobi biyar da aka yarda a kashe saboda ɓarnarsu, amma hadisi ya kuma hana mai da abu mai rai abin gwajin saiti. Kuma wanda ya ga abin da hankaki suke kwashewa a juji irin na Gosa da bayan mahautar Karu, ya san gari yana bukatarsu.

Wanda ba shi da lasisi, wato mafi yawanmu, bai fita daga zancen ba. Leƙen hanya, jeri da maɓoya duk suna nan yadda suke, abin da ke sauyawa shi ne abin da ke jira a tsakiyar fili. Raga mai faɗin taki 3 ko 4 a ɗaure jikin gora biyu, a kwantar da ita gefen filin a rufe da ƙaiƙayi, a zuba tsaba, a ja igiya daga maɓoya in sun taru. Ba ƙara, ba tsoratar da gari, kuma tana da fifikon da bindiga ba ta da shi: in tantabarar maƙwabci ta shiga sai ka sake ta, abin da za ka ci kuma ka yanka shi da hannunka. Danƙon harbi ma yana kashe kurciya a taki 10 in hannu ya faɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaure tsuntsu mai rai a rana yana fafutuka don ya kira 'yan'uwansa. Da irin wannan, haɗe da raga da harbin kasuwa, Amurkawa suka ƙarar da wata kurciyar ƙasarsu da a da garkenta yake rufe rana, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati a 1914. Hasbiya ƙwai biyu take yi, uwa da uba ne suke ciyar da 'ya'yan. Ko a Ingila, izinin harbin nan an ɗaure shi da sharaɗin kare amfanin gona daga ɓarna mai yawa. In tsuntsaye sun bar gonarka, aiki ya ƙare ko da harsashi ya rage. Guba kuwa, zuba ta a tsaba ta'asa ce: ta kashe zabin mutane, ta kashe shirwar da ta ci gawar, ta ƙare a tukunyar yaron da ya tsinci mushen.

Ƙananan tsuntsayen shinkafa irin su jan-baki ba a yi musu wannan dabara. Dubbai suke zuwa, harsashi ɗaya ya fi abin da zai kashe tsada. A Kebbi da Jigawa da Yobe da jirgin sama ake musu feshi. Mai shinkafa a fadamun Gurara wajen Abaji in ya ga sun yi yawa, ya sanar da malaman gona na hukumar bunƙasa noma da ke Gwagwalada, ya kuma yi ƙoƙarin shuka lokaci ɗaya da maƙwabtansa don ɓarnar ta rabu.

Saura nama. Wanda ya faɗo da sauran rai a yanka shi nan take. Wanda harbi ya gama da shi, malaman Malikiyya na baya sun halatta cinsa in an yi niyya an ambaci sunan Allah lokacin harbin. A fige a cire kayan ciki da wuri, a sa a inuwa cikin kwando, ba cikin leda ba. A bi duk hudar da ke jiki a ciro dalmar, a yanke naman da ke kewaye da ita a zubar. Bayan abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba: ƙananan yara da masu juna biyu gara a ba su wanda aka kama da raga. Tsuntsun da aka harba a makon shuka a buɗe jakar abincin da ke wuyansa a duba, in an ga iri mai launin maganin feshi a binne shi duka. Wanda ka tarar yana layi ko ya mutu da kansa kada ka taɓa da hannu, tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna a 2006 ba ta daina leƙowa ba. In za ka tashi ka tsince kwanson harsashi don kada dabba ta haɗiya, ka kwashe tsuntsayen bogin gaba ɗaya, in sun kwana a fili gobe an gane su. Ka ba wannan kusurwar hutun mako guda kafin ka sake zama a cikinta.